Kashe Inji A Cunkoso: Riba Ko Asara?

Duk wanda ya kai kaya kasuwar Kurmi ya san cunkoson Ƙofar Wambai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, direbobi da yawa suna kashe inji idan hanya ta tsaya. Shin hakan yana cinye inji?

Baƙin mai ne ke hana ƙarfe gogar ƙarfe. Idan mota ta kwana, man yakan gangara ƙasa. Tayarwar farko da safe ita ce ta fi cin inji. Injin da ya yi zafi, an tsaya na minti biyu, mai bai gama sauka ba. Lahanin kaɗan ne.

Akwai motoci masu aiki da fetur da lantarki, kamar Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997. Su da kansu suke kashe inji su tayar. An ƙera su don haka.

Tsohuwar mota kuwa, batir da sitata ne ke wahala. Kada a yawaita kashe ta.

Jama'a, a canja baƙin mai kan lokaci, musamman da ƙurar hunturu. Rigakafi ya fi magani.