Waƙoƙin Kirsimeti a Bakin Mawaƙan Coci: Tsakanin Karin Turai da Karin Hausa

Manazarta adabin Hausa sun saba kasa waƙa gida biyu, wato rubutacciya da ta baka. Akwai kuwa wani rukuni da bai zauna daram cikin ko ɗaya ba, ga shi kuma ba a cika waiwayarsa ba, wato waƙoƙin da ake rerawa da Hausa a majami'un Kirista. Manufar wannan maƙala ita ce duba waɗanda ƙungiyar mawaƙa, ko kwaya kamar yadda masu abin ke cewa, take rerawa lokacin Kirsimeti, domin a nan ne aka fi ganin yadda harshen ke kokawa da baƙon kari.

Asalin al'amarin aikin 'yan mishan ne. Likita Walter Miller ya shigo ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, ya daɗe a Zariya, kuma yana cikin jagororin fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga cikakke da Hausa a 1932. Sauran ƙungiyoyin mishan sun ɗauki Hausa ta zama harshen wa'azi a tsakanin al'ummun da kowace ke da harshenta, irin su Birom da Angas da Tangale da Bajju. Tare da nassi aka fassara waƙoƙin ibada, aka tara su a Littafin Waƙoƙi. Da yawa daga na Kirsimeti sun yi doguwar tafiya kafin su iso. Wadda ake kira Stille Nacht, alal misali, an fara rera ta ne a 1818 a ƙauyen Oberndorf na Ostiriya. Tsarin nan na karatu tara daga nassi da waƙa a tsakaninsu, wanda majami'un Angilika ke bi, an soma shi a Truro ta Ingila a 1880.

Shiri yakan kankama makonni kafin 25 ga Disamba. Da yamma, cikin sanyin hunturu, shugaban mawaƙa zai raba su murya huɗu, biyu na mata biyu na maza, ya koya wa kowane sashe nasa da do-re-mi, sai kari ya zauna sannan a ɗora kalmomi. Mai karatu ya lura da wannan jeri, domin nan matsalar take. Kari ne ya riga zuwa, harshe kuwa shi ake lanƙwasawa ya shiga.

Waƙar Ingilishi ko Jamusanci tana tafiya ne bisa ƙarfafa wasu gaɓoɓi. Ma'aunin waƙar Hausa kuwa nauyin gaɓa ne, doguwa ko gajera, sannan kowace gaɓa tana ɗauke da karin sautinta, sama ko ƙasa ko faɗau. Mai fassara da ya ƙirga gaɓoɓi kawai don su dace da karin Turai ya bar waɗannan biyu a baya. Ɗauki kalmar gari, wadda dole ta fito idan ana zancen Baitalami. Gaɓarta ta farko gajera ce mai karin ƙasa. Idan ta faɗa inda kiɗa ya ja murya ya kuma ɗaga ta, abin da kunnen Bahaushe zai ji shi ne garin tuwo. Haka ciki na juna biyu da ciki na wuri, kari da tsawon wasalin ƙarshe ne ke raba su. Wanda ya fi waɗannan nauyi shi ne ya zo. Da dogon wasali mai karin sama, labari ne cewa zuwan ya auku. Da gajeren wasali mai karin ƙasa kuwa, roƙo ne ko umarni. A bikin da duk ma'anarsa ita ce wanda ake jira ya iso, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Kada a ɗauka cewa jama'a na ruɗewa. Muhallin magana yana warware mafi yawa, kuma labarin sananne ne gare su tun ƙuruciya. Ban da haka, mawaƙan baka ma ba kullum suke bin karin magana sau da ƙafa ba. Amma a ganina akwai tazara tsakanin mawaƙin da ya kauce wa kari don salo, da fassarar da ba ta yi la'akari da shi ba tun farko.

Gyaran ya fito ne daga inda ba a koyon do-re-mi. Zumuntar Mata da ƙungiyoyin Sabon Rai suna tsara nasu waƙoƙin kai tsaye da Hausa, jagora ta bayar, sauran su amsa, kamar dai a waƙar daka ko ta gaɗa. Kayan kiɗansu na gida ne: tulun da ake bugun bakinsa, da ganga, da kuge, da caki. Da yake kalma da kari tare aka haife su, zancen makiyaya da mala'iku da sakarkarin dabbobi yakan fito da hawa da saukar da ya kusanci magana. Abin sha'awa shi ne, da yawa daga masu tsara su Hausa harshe na biyu ne gare su, har akan ji sun sassauta ƙ da ɗ, ko sun bar bambancin jinsi, amma kunnensu ya kama rawar harshen.

A sujadar Kirsimeti ta majami'a guda a Jos ko Kafancan, akan ji kwaya ta rera fassararriya da murya huɗu daga littafi, tana zama mata su miƙe da tulunansu. Na farkon a buge suke. Na matan kuwa galibi a ka suke, kuma waɗanda aka naɗa a kaset tun shekarun 1980 suna nan warwatse a gidaje da shagunan masu sayar da waƙa, ga duk ɗalibin da ke neman abin da zai auna da arulin Hausa.