Labarin Zuciya A Tambayi Kwamfuta?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, 'yan uwana ɗalibai da iyayenmu, yau akwai masu son ɗora wa kwamfuta wannan aiki: ta dubi fuskarka ko ta saurari muryarka, ta ce kana murna ne, ko fushi, ko tsoro.

Wadda ta raɗa wa fannin suna ita ce Rosalind Picard, malama a jami'ar MIT ta Amurka, da ta fitar da littafi a kansa a 1997. A 2009 ita da wata 'yar Masar, Rana el Kaliouby, suka kafa kamfanin Affectiva, wanda manhajarsa ke kallon fuskokin masu kallon talla don a gane ko tallan ya shiga ransu.

Yaya abin yake aiki? Kwamfuta ba ta da zuciya, ba ta san daɗi ko ɓacin rai ba. Ana tara hotunan fuskoki dubbai, a sa mutane su rubuta a kan kowanne: wannan murna, wannan fushi. Sai na'ura ta riƙa auna tashin gira, buɗewar ido, motsin leɓe, har ta haddace wane yanayi ke tafiya da wace kalma. A murya kuma tana auna ƙarfi da sauri da rawar sauti. Akwai ma na ɗaurawa a hannu kamar agogo, masu auna gumi da bugun zuciya. Tushen aikin fuskar yana komawa ga wani masani, Paul Ekman, wanda ya ce akwai yanayi shida da kowane ɗan Adam ke nunawa iri ɗaya: murna, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki.

Abin yana da amfani, kada mu yi masa rashin adalci. Wasu motoci na da kyamarar da ke lura da idon direba, in ya fara gyangyaɗi ta yi ƙara. Duk wanda ya san manyan motocin da ke kwana bisa hanya daga Kwatano zuwa Malanville ya san wannan ba wasa ba ne. Haka kuma a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani agogo mai suna Embrace, da ke sanar da dangi idan farfaɗiya ta kama mai ita.

Amma gyangyaɗi daban, zuciya daban. A nan ne nake da ja. Mu dubi garinmu. Yaro na gaban babba, ya sunkuyar da kai, ba ya haɗa ido. Mu mun san ladabi ne, na'urar da ta koyi fuska a wata ƙasa tana iya cewa yana ɓoye laifi. Amarya na kuka ranar kai ta ɗakin miji, alhali ita ta zaɓi angon. Bafulatana an taɓa ɗanta na fari, ta kau da kai kamar ba nata ba, saboda kara. Ka je gaida mara lafiya, jiki ya yi tsanani, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. A kasuwar Malanville kuwa mai albasa zai ɗaure fuska ya ce albarka, alhali a ransa ya gama sallamawa, ɗari biyar kawai yake son ka ƙara. Wace kyamara ce za ta gane wannan?

Masana ma sun ga haka. A 2019 Lisa Feldman Barrett da abokan aikinta suka bi bincike sama da 1,000, suka tarar mutane ba su cika ɗaure fuska in sun yi fushi ba, ko kashi 30 cikin 100 bai kai ba. Kuma mutum kan ɗaure fuska don yana tunani, ko rana ta dame shi. Kafin nan, a 2018, Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Gana ne, ta nuna cewa wasu manhajoji na kuskure wajen gane jinsin mata baƙar fata har kusan kashi 35 cikin 100, na maza farare kuwa bai kai kashi 1 ba. Wanda bai tantance mace da namiji a fuskarmu ba, ina zai karanta damuwarmu?

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne inda ake kai na'urar. A 2018 wata makarantar sakandare a birnin Hangzhou na Sin ta kafa kyamarori masu duba fuskokin ɗalibai duk bayan daƙiƙa 30. Ku yi tunanin haka a ajinmu bayan an dawo daga gona! Turai kuma ta gwada wani tsari, iBorderCtrl, a iyakokin Hangari da Latbiya da Girka, inda na'ura ke yi wa matafiyi tambayoyi tana kallon fuskarsa don ta ce ko ƙarya yake. Mu da muke zaune bakin iyaka, ga Gaya can tsallaken kogi, mun san ko mai gaskiya gabansa na faɗuwa in jami'i ya tsare shi. A 2022 Microsoft ya sanar da janye irin wannan manhaja tasa, sannan daga Fabrairun 2025 dokar Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a makarantu da wuraren aiki, sai don lafiya ko kariya daga haɗari.

Hausa ma ta shiga wannan fage. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokansa suka fitar da NaijaSenti: saƙonnin Twitter kusan 30,000 a Hausa, haka ma a Yarbanci da Ibo, da kuma ƙasa da haka a Turancin buroka, inda mutanen da suka tashi da harshen suka rarrabe na yabo da na suka da na tsaka-tsaki. Aiki ne mai wuya, don "sannu da aiki" na iya zama gaisuwa, yana iya zama gatse ga wanda ya wuni kwance. A 2023 aikin ya faɗaɗa zuwa harsunan Afirka 14 da sunan AfriSenti. Na duba jerin, babu Dandanci, babu Fulatanci. Mu kuwa a nan Tumbutu saƙon murya ɗaya na WhatsApp sai ya fara da Dandanci, ya ratsa Hausa, ya ƙare da Faransanci.