Yadda ɗalibi zai haɗa wa tankin kifinsa mai gadin da ba ya barci

A wannan mako za mu fara ne da labarin wata asara da muka tafka da hannunmu, domin ita ce ta kai mu ga abin da za mu koya yau.

A wani hunturu da ya wuce, mun haɗa 'yan kuɗaɗenmu muka sayi tankin roba mai cin lita 1,000, muka girke shi a bayan wani gida da ke wani ƙauye a ƙasar Dambatta. Muka zuba 'ya'yan tarwaɗa masu tsawon yatsa, muka damƙa kulawarsu a hannun ƙanenmu, ɗalibin aji biyu na babbar sakandare, wanda shi ma ya sa kuɗin da ya tara daga aikin cirar gyaɗa. Da dare iska ta taso, sanyi ya sauka, tankin kuma a buɗe yake. Kwana biyu kifayen ba su taɓa abinci ba, yaron kuma bai daina zuba musu ba, don a ganinsa yunwa ce za ta kashe su. Abincin ya kwanta a ƙasan tanki ya ruɓe, ruwa ya lalace. Ranar da ya dawo daga makaranta ya leƙa, fiye da rabinsu sun juya ciki sama.

Ba mu ga laifinsa ba. Mutum ba zai zauna a aji kuma ya zauna a bakin tanki a lokaci guda ba. Abin da muka rasa shi ne wani da zai riƙa taɓa ruwan dare da rana, ya yi mana ihu idan al'amari ya fara ɓaci.

Dabarar masu kiwon murjani

Irin wannan mai gadi akwai shi, kuma waɗanda suka fi ƙwarewa wajen haɗa shi a gida su ne masu kiwon murjani a ƙasashe irin su Amurka da Jamus da Ostareliya. Murjanin da muka sani a wuyan iyayenmu mata asalinsa ƙashin wata ƙaramar halitta ce ta cikin teku. Akwai masu sha'awar da ke rainon danginta a raye cikin akwatin gilashi a falonsu, tare da kifaye masu launi. Halitta ce mai tsananin laulayi. Tana son gishiri kimanin giram 35 a kowace lita ta ruwa, kamar yadda yake a teku, da zafi wajen digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya ɗan haura ya daɗe a haka, sai ta yi fari fat, daga nan ta mutu.

Wata matsalar tasu ita ce, idan ruwa ya tafi a matsayin tururi, gishirin ba ya binsa, a tanki yake zama. Ke nan kullum ruwan ƙara gishiri yake yi. Shi ya sa suka ƙirƙiro wata 'yar na'ura da ke lura da tsayin ruwa, da ya ragu sai ta kunna famfo ya ƙara ruwan da babu gishiri. Na'urorin kamfani suna da tsada, don haka da yawansu suke haɗa nasu da ƙananan allunan kwamfuta, su kuma raba wa duniya tsarin kyauta a intanet.

Mu a nan ba mu da teku, ba mu da murjani. Amma muna da tarwaɗa, kuma tambayoyin da suke yi wa ruwansu su ne muke yi wa namu: ya zafinsa yake, ina tsayinsa ya kai, akwai isasshiyar iska a cikinsa?

Me ya sa abin ya dace da yankinmu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bichi, ko zuwa Dambatta, ko ya ratsa Minjibir da Gezawa, ya san gona tana manne da gona ne, babu wani daji da aka bari ya huta. Tun a shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da kuma Jami'ar Bayero, ya yi nazarin yadda manoman kewayen Kano suke noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da ya mutu ba, saboda taki da tokar da suke kai masa. Yau jama'a sun ƙaru, gado ya rarraba gonaki, matashi da wuya ya samu fegin kansa. Tankin kifi kuwa bai fi wurin shimfiɗa tabarma ɗaya yake ci ba.

Sai dai ruwa a wajenmu ba abin wasa ba ne. In ka ɗebe waɗanda ke kusa da madatsun ruwa na Thomas da Gari da Watari, sauranmu rijiya da burtsatse muka dogara da su na tsawon wata bakwai zuwa takwas na rani. Don haka duk digon da ya malala a banza asara ce. Ruwan da aka sauya daga tanki ma kada a zubar, a karkata shi zuwa gindin zogale ko kwamin alayyafo, domin kashin kifin da ke cikinsa taki ne.

Abin da tarwaɗa take so

Tarwaɗa ta fi ci da girma idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30. Da ya sauko ƙasa da haka sai cin abincinta ya ragu, idan ya yi ƙasa da 20 kuwa kusan dainawa take yi. A Kano, daren Disamba da Janairu iska kan sauka ƙasa da digiri 15, a Afrilu kuma rana kan kai 40. Ƙaramin tanki yana bin waɗannan sauye-sauye da sauri fiye da babban kududdufi.

Zafi ma yana da tasa illar. Ruwa mai digiri 20 zai iya riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin a kowace lita, mai digiri 30 kuwa kimanin 7 da rabi kawai. Babbar tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe karfasa. Amma ƙananan ba su da wannan juriya sosai. Idan ruwan ya yi kore, iska ta fi ƙaranci da asuba, saboda gansakukar da ke samar da ita da rana ita ce ke shanye ta da dare.

Kayan haɗi

Ƙwaƙwalwar na'urar ita ce allon Arduino Uno, wanda bai kai tafin hannu girma ba. An fara aikin Arduino ne a shekarar 2005 a garin Ivrea na ƙasar Italiya, domin ɗaliban da ba injiniyoyi ba su iya sarrafa lantarki. Sai ma'aunin zafi mai suna DS18B20, irin wanda aka rufe bakinsa da ƙarfe don a tsoma shi a ruwa. Wayoyi uku gare shi, kuma ana sa rezista mai ƙarfin 4.7k tsakanin wayar wuta da wayar saƙo, in ba haka ba ba zai yi magana ba.

Za a buƙaci makunni mai yawo a kan ruwa guda biyu, da ɗan agogo DS3231 mai batirinsa, don na'urar ta san lokaci ko da wuta ta yanke. Sai rile guda biyu, wato makunnin da allon zai riƙa taɓawa ya kunna abin da ya fi ƙarfinsa. Sannan ƙaramin famfo da injin hura iska, dukkansu masu bolt 12, da 'yar ƙararrawa, da fis, da batir, da faifan sola tare da na'urar daidaita cajinsa. A tambayi masu sayar da kayan lantarki a Sabon Gari cikin birnin Kano, ko a yi oda. Mai gyaran rediyo ko na waya a garinku zai iya koya muku like waya da dalma cikin yini guda.

Umarni huɗu

Na farko, allon ya auna zafi kowane minti ɗaya. In ya sauka ƙasa da 24 ko ya haura 32, ƙararrawa ta yi kuka. Wanda ya ji ya san abin yi: a sanyi a rufe tanki da leda ko buhuna a kuma rage abinci, a zafi a yi masa rumfar zana. Kun san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa da safiyar hunturu, to sabon ɗiba yana taimakawa. Amma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da iska sosai, a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama.

Na biyu, idan makunnin ƙasa ya nuna ruwa ya ragu, famfo ya tashi, kada ya tsaya sai ruwa ya taɓa makunnin sama. Dalilin sa guda biyu shi ne, da ɗaya ne, duk motsin da kifi ya yi famfon zai riƙa tashi yana mutuwa har ya ƙone.

Na uku mun koye shi ne da tsada. Wata rana gansakuka ta liƙe mana makunnin sama, famfo ya yi ta aiki har ya ƙarar da duron ruwan da aka sha wahalar ɗebowa, tsakar gida ta zama taɓo. Tun daga ranar muka ƙara layi guda: idan famfo ya yi minti goma bai tsaya ba, a kashe shi, a kaɗa ƙararrawa. Ku auna lokacin da naku famfon yake ɗauka ya cika tazarar, ku ɗan ƙara kaɗan a kai.

Na huɗu, injin hura iska ya tashi daga ƙarfe 1 na dare zuwa 7 na safe.

Wanda ba shi da kwamfuta kada ya karaya. Ana iya tura umarni zuwa allon daga wayar Android ta hanyar igiyar OTG. Akwai kuma shafuka irin su Tinkercad da Wokwi inda ake haɗa allon a gwada umarni a kan fuskar kwamfuta kafin a kashe ko sisi.

Lissafin wuta

Ga aikin gida ga masu son lissafi. Allon yana jan kimanin amfiya 0.05, a awa 24 ya zama 1.2. A ce famfo yana jan amfiya 2 na rabin awa a rana, 1 ke nan. A ce injin iska yana jan 0.5 na awa shida, 3 ke nan. Jimla 5.2, a ƙara abin da rile ke ci, a ce 6. Batir mai ruwan asid ba a son a shanye fiye da rabinsa, saboda haka a nemi mai 12Ah ko sama da haka. Faifan sola mai wat 30 zai iya mayar da wannan a rana ɗaya mai haske, matuƙar ana share masa ƙurar hunturu. Ku duba abin da aka rubuta a jikin naku kayan ku sake lissafin.

Gwaji da kiyaye rai

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ku yarda da ma'aunin zafin, ku tsoma shi a kofin da aka cika da ƙanƙara da ɗan ruwa, ya kamata ya nuna kusa da sifiri. Sannan ku bar na'urar ta yi mako guda tana aiki a tankin da babu kifi. A ajiye allon cikin robar abinci mai murfi, a huda ta ƙasa don wayoyi, a toshe ramin saboda tururuwa da tsaka.

Muna jan kunne da babbar murya: kada ɗalibi ya kawo wutar NEPA ko ta janareta kusa da tanki. Komai ya tsaya a bolt 12, a kuma sa fis dab da batir, domin wayoyinsa in suka haɗu suna iya tayar da gobara.

Abin da ba za ta yi maka ba

Wannan na'ura ba ta jin wari. Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da gubar amoniya, wadda ƙarfinta ke ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi. Hancinka da idonka ne za su gaya maka lokacin sauya ruwa, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Ba za ta ware maka manya daga ƙanana ba, alhali tarwaɗa tana cin 'yar uwarta idan ta fi ta girma. Ba za ta gane ciwo ba. Waɗannan sai a nemi tsofaffin hannu a sana'ar, ko malaman Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta.

Kiranmu ga malaman kimiyya, daga Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa har zuwa ƙaramar sakandaren ƙauye, shi ne su ɗauki wannan a matsayin aikin ƙungiyar kimiyya ta makaranta. Ɗalibai biyar ko shida, maza ko mata, za su iya haɗa kuɗin allo guda, su fara da ma'aunin zafi da ƙararrawa kaɗai, sauran su biyo baya.

Shi kuwa ƙanenmu, ya sake zuba wasu 'ya'yan kifin. A hunturun da ya biyo baya ƙararrawar ta tashe shi cikin dare har sau uku, ya fita da tocila ya rufe tanki, da safe kuma ya hana kowa zuba abinci sai da rana ta ɗaga. Da ya kwashe kifin, mahaifiyarsa ya fara kai wa guda biyu mafi girma, sauran ya kai kasuwar Dambatta.

Duk makarantar da ta gwada, ta aiko mana da hoton na'urarta da jadawalin zafin ruwan da ta rubuta na mako guda, za mu buga a wannan shafi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.