Rajistar Kamfani: Wai Takardar Abuja Ta Fi Ta Rano?

Tun da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, ta ce a shekarar 2024 lallai masu sana'ar POS su yi rajista, wata magana ta kama bakin 'yan kasuwa daga Rano har Kibiya. Wai in za ka yi, to ka sa adireshin Abuja ko Legas, takardar ta fi kwarjini a banki, haraji kuma ya fi sauƙi. Har akwai masu shagon kwamfuta da ke karɓar ƙarin kuɗi don su "samo" maka adireshin.

A Amurka ne wannan lissafi yake da gindin zama, domin can kowace jiha da dokar kamfanoninta. Delaware, 'yar ƙaramar jiha mai mutum kusan miliyan ɗaya, ita ke riƙe da rajistar fiye da rabin manyan kamfanoni 500 na ƙasar, saboda kotunta da ta goge a shari'ar kasuwanci. A 2024 Elon Musk ya kwashe rajistar kamfanin Tesla daga can ya kai Texas, bayan wata alƙaliya ta soke masa maƙudan ladan da aka yanka masa.

Mu a nan tsarin mulkin 1999 ya damƙa rajistar kamfanoni a hannun gwamnatin tarayya. Hukuma ɗaya ce tun 1990, doka ɗaya ce, wadda aka sabunta a 2020, kuma ta intanet ake cike komai. Kamar lasisin tuƙi ne: wanda aka karɓa a Kano, da shi direba zai kai tumatir Fatakwal, babu jami'in hanya da zai ce sai ya sake wani. Dubi gidajen man A.A. Rano, da sunan garin nan a goshinsu, suna sayar da mai a jihohi daban-daban. Sunan Rano bai rage musu ko lita ɗaya ba.

Batun haraji ne ya fi ba ni haushi, don a nan ake yi wa mutane romon baka. In kamfani ka buɗe, harajin ribarsa na hukumar tarayya ne, ko a ina ka ce ofishinka yake. In kuwa sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, wanda shi mafi yawan masu shaguna ke yi, a idon doka kai da shagon abu guda ne, harajinka na jihar da kake zaune ne. Mai kwana a Rano, hukumar tara haraji ta Kano ce za ta neme shi, ko da Maitama ta Abuja aka rubuta a takardarsa. Harajin albashin ma'aikatanka ma inda suke zaune yake bi. Mai yankan rasit na ƙaramar hukuma kuwa, ranar kasuwa rumfarka yake kallo, bai taɓa tambayar satifiket ba.

Adireshin aro yana da nasa haɗarin. Can za a kai sammaci in wani ya yi ƙarar kamfaninka, can banki zai aika a duba ko da gaske kana wurin. Sai a yanke maka hukunci kana Kibiya kana auna masara, ba ka ma san an shiga kotu ba.

Inda jiha ke da ta cewa shi ne ƙungiyar gama kai. Manoman rani da ke son haɗa kai su nemi taki ko bashi, a gwamnatin jiha za su yi rajista. Da jami'an da ke sanya wa'adin yin rajista suna hawa rediyo su faɗi wannan bambanci da Hausa, da masu sayar da adireshi sun nemi wata sana'ar.