ABINCIN KARE: ƘANZO DA ƘASHI BA SU ISA BA

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya ratsa unguwannin ma'aikata a manyan garuruwanmu da daddare ba zai rasa jin haushin karnuka daga bayan katanga ba. Fitinar ɓarayi da masu haura gidaje ta sa mutane da yawa, har da waɗanda a da ko ganin kare ba sa so, sun nemi ɗaya sun ɗaure a bakin ƙofa. To amma idan gari ya waye aka dubi mai gadin nan, sau da yawa sai a tarar haƙarƙarinsa duk a waje, gashinsa ya zube, yana kwance ko ɗaga kai ba ya iyawa. In ka tambayi abin da ake ba shi, sai a ce ƙanzo ne, da sauran miyar jiya, da ƙashin da aka gama tsotsa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kare mai yunwa ba ya gadi. Abin da yake yi shi ne ya tsinke igiya ya shiga bin juji da kwata da bayan mayanka, ya cuɗanya da karnukan da ba su da iyayen gida, sa'an nan ya komo gidan da yara ke wasa ɗauke da abin da ya kwaso. Saboda haka kwanon kare yana da alaƙa da lafiyar iyali baki ɗaya. Abin farin ciki kuwa shi ne, ana iya dafa masa abinci mai gina jiki a gida, da kayan da ke kasuwanninmu, in dai an san abin da za a zuba da abin da za a guje wa.

ASALIN ABINCIN KANTI

Abincin kare na buhu da na gwangwani da ake gani a manyan kantuna ba daɗaɗɗen abu ba ne. Wajen shekarar 1860 ne wani Ba'amurke mai suna James Spratt, wanda sana'a ta kai shi birnin Landan, ya fara yin biskit na karnuka don sayarwa. A 1922 aka fito da na gwangwani a Amurka, wanda aka riƙa yi da naman doki, sa'an nan a 1957 irin busasshen nan mai ƙwaya-ƙwaya ya bazu a kasuwa. Kafin wannan lokaci, karnukan duniya duka abincin gida suke ci. Buzayen yankin Azawak, a ƙasashen Nijar da Mali, sun daɗe suna kiwon dogayen karnukansu na farauta da gero da nono da abin da aka samo a daji, haka nan mafarauta da makiyayan ƙasar Hausa.

Abincin kanti yana da amfaninsa, domin masana ne suke auna abin da ke cikinsa. Sai dai shi ma ba ya rasa tangarɗa. A 2007 an janye abincin karnuka da kyanwoyi mai ɗimbin yawa daga kasuwannin Amurka, bayan da aka gano an gurɓata wani garin alkama da aka shigo da shi daga ƙasar Sin da sinadarin melamin, wanda ya lalata ƙodar dabbobi masu yawa. Tun daga nan Amurkawa da dama suka koma girka wa karnukansu da kansu. A nan gida kuwa dalilin dabam ne. Yawancin irin wannan abinci daga waje ake shigo da shi, kuma tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin ma'aikaci.

ABIN DA JIKINSA KE BUKATA

Akwai masu cewa kare nama kaɗai ya kamata ya ci, tunda asalinsa ɗaya da kyarkeci. Akwai kuma masu ganin tuwo ya ishe shi. Dukansu biyu sun kauce. A 2013 masana a Jami'ar Upsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa kare ya fi kyarkeci ikon narkar da hatsi nesa ba kusa ba, sakamakon dubban shekarun da ya yi yana cin abincin mutane. Ke nan gero da dawa da masara da shinkafa suna yi masa amfani idan sun dahu sosai. Amma hatsi galibi ƙarfi yake bayarwa. Tsoka da jini da gashi suna bukatar sinadarin furotin, wanda ake samu a nama da kifi da ƙwai, sa'an nan ga mai, ga bitamin, ga sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi.

A nan ne mai dafawa a gida ya fi yin kuskure, ko da kuwa niyyarsa mai kyau ce. A wannan shekara ta 2013, likitocin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke garin Debis sun auna hanyoyi 200 na girkin abincin kare da suka tattaro daga littattafai da intanet, suka tarar kashi 95 cikin 100 sun gaza a kan aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke bukata. Wato cika kwano dabam, ciyarwa dabam.

Kalsiyam ya fi saurin kuɓucewa, domin tsokar nama da hatsi ba su da shi sosai. Kwikwiyon da aka raina da nama da tuwo kawai, sai a ga ƙafafunsa sun lanƙwashe, ƙashinsa ya yi taushi har ya karye a kan ɗan ƙaramin tsalle. Maganin wannan yana cikin abin da muke zubarwa kullum, wato ɓawon ƙwai. A tafasa shi, a shanya ya bushe, a daka ya yi laushi kamar gari, a riƙa zuba rabin ƙaramin cokali a kowane rabin kilo na abincin babban kare.

YADDA AKE DAFAWA

Alal misali, a ɗauki babban kare mai nauyin kilo 20, kamar yawancin karnukanmu na gida. A wuni yana bukatar kimanin giram 300 na dafaffen nama ko kayan ciki, da giram 400 na dafaffen hatsi, da giram 100 na ganye ko kabewa, da babban cokali ɗaya na man gyaɗa. Ba lalle sai tsoka mai tsada ba. Tumbi da huhu da zuciya da naman kai, waɗanda mahauta ke sayarwa da rahusa, duk sun wadatar. Ana iya musanya wani sashe na naman da dafaffen ƙwai, ko kifin da aka cire wa ƙaya. Waken soya ma yana taimakawa, amma sai an dafa shi ya yi luguf, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Hanta tana da amfani ƙwarai, sai dai kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na abincin, saboda bitamin ɗin da ke cikinta yana cutarwa idan ya yi yawa.

A yayyanka naman ƙanana, a tafasa shi da ruwa zalla har ya dahu. A cikin romon nan za a zuba tsakin masara ko na dawa, ko shinkafa, ko dankali, a bar shi ya nuna fiye da yadda mutum zai so nasa. Dab da saukewa sai a zuba kabewa ko karas ko alayyafo ko ɗan zogale. Bayan an sauke ya huce, a zuba man da garin ɓawon ƙwan a juya. Ba a sa yaji, ba a sa dunƙule, ba a sa albasa. Uwargidan da ke son sauƙi tana iya ɗibar rabon kare daga tukunyar naman gida tun kafin ta zuba kayan miya.

Babban kare sau biyu yake ci, safe da yamma. Kwikwiyo kuwa sau uku zuwa huɗu, kuma karya mai shayarwa takan ci ninki biyu ko uku na abin da ta saba. Ma'aunin da ya fi kowane sikeli shi ne hannun mai kare: in ka shafa gefensa ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin ɗan kitse, to abincin ya yi daidai. In ana iya ƙirga su da ido daga nesa, a ƙara. In an danna ba a ji su ba, a rage. Masu kwikwiyon manyan karnukan Turai, irin su karen Jamus da ake kira Alsashiyan, su nemi likita ya auna musu, domin a wurin waɗannan yawan kalsiyam yana ɓata ƙashi kamar yadda ƙarancinsa ke yi.

Idan za a sauya masa abinci, a yi a hankali cikin mako guda, ana gauraya sabo da tsoho, don gudun zawo. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, a dafa na wuni ɗaya kawai, kuma abin da ya rage a kwano a zubar, kada ya kwana. Ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke. Kare mai kilo 20 yana shan lita ɗaya ko fiye a wuni, a watannin bazara kuwa har ya zarce haka, domin ba ya zufa irin ta mutum, da haki yake rage zafin jikinsa.

ABUBUWAN DA KE HALAKA SHI

Babban dalilin da ya sa sauran miya bai dace da kare ba shi ne albasa da tafarnuwa. Suna ɗauke da sinadarin da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, kuma dahuwa ba ta kashe wannan sinadari. Ba nan take abin yake bayyana ba. Sai bayan kwanaki a ga kare ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja ko baƙi, mai gida ya ce ai ɓarayi ne suka ba shi guba, alhali gubar daga madafinsa ta fito.

Goro da gahawa da cakulan su ma haka, domin abin da ke wartsakar da mutum a cikinsu yana sa zuciyar kare bugawa fiye da kima har ya kai ga farfaɗiya. Inabi da zabibi suna lalata masa ƙoda. Cingam da alewar da aka zaƙaƙa da sinadarin zailitol suna iya kashe shi cikin ɗan lokaci. Ɗanyen rogo yana da guba. Madara kuwa tana sa manyan karnuka da yawa zawo, gara a ba su ɗan kindirmo.

Ƙashi ma da ake ganin shi ne gatan kare, in dafaffe ne, musamman na kaza, yakan tsattsage ya zama kamar allura, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Sai kuma hatsin da ya yi fumfuna, wanda aka saba cewa tunda mutum ba zai ci ba a ba kare. Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna sukan ɗauki gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma kare ba ya jure ta. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2021 karnuka fiye da 100 sun mutu a Amurka bayan sun ci abincin kanti da aka yi da irin wannan masara.

Wani abin lura shi ne ɗanyen kayan ciki. Hanta da huhun tumaki da shanu da raƙuma wani lokaci sukan fito da ƙullutu mai ruwa a ciki. Mahauci ya yanke ya jefar, kare ya haɗiye, tsutsa ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fito ta kashinsa su manne a gashinsa. Yaron da ya shafa shi ya ci abinci bai wanke hannu ba, irin wannan ƙullutu yana iya fito masa a hanta ko huhu, har sai an yi masa aiki. Tafasa kayan ciki sosai yana yanke wannan hanya.

KWANO DA ALLURA

Mafi munin abin da kare mai yawon neman abinci ke kwasowa shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kusan 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan babu mai tsira. Ƙoshi yana rage yawo, amma ba ya maye gurbin allura. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Bom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin wannan cuta, kuma an keɓe ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara don faɗakar da duniya a kanta. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, sa'an nan ya garzaya asibiti a ranar.

Mai neman shawara a kan abinci ko allura ko maganin tsutsa da kaska yana iya zuwa asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, ko asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ɗalibanmu masu karatun likitan dabbobi da aikin gona su ma suna da rawar takawa wajen wayar da kan maƙwabta idan sun zo hutu.

Malamai sun bayyana cewa addini ya yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma sanannen abu ne a hadisi cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da aka ɗaure ba ta da hanyar neman abinci sai ta hannun wanda ya ɗaure ta. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ke barci da daddare saboda akwai mai haushi a ƙofarsa, to ya ware masa rabonsa a cikin kuɗin cefane. Wanda kuma ya san ba zai iya ba, gara ya haƙura da ajiye kare tun farko, ya nemi ƙwado mai ƙarfi ya sa wa ƙofarsa.