Dak'Art: Bikin Fasahar Da Ya Fito Daga Zaure Ya Shiga Unguwa

Duk bayan shekara biyu, Dakar, babban birnin Senegal, yakan yi wata guda cur yana karɓar baƙi domin bikin baje kolin fasahar zamani da ake kira Dak'Art. Da taron adabi aka faro shi a 1990, a 1992 aka karkata ga zane da sassaƙa, daga 1996 kuma aka keɓe shi ga masu fasahar Afirka da 'ya'yanta mazauna ƙetare. Gwamnati ce uwa da uban bikin, gadon da ta ci daga Shugaba Léopold Sédar Senghor, wanda ya shirya bikin fasahar baƙar fata na duniya a 1966. Da sunansa ake kiran babbar kyautar bikin, wadda Olu Amoda na Nijeriya ya raba da Driss Ouadahi na Aljeriya a 2014.

Ciwon irin waɗannan bukukuwa ɗaya ne a ko'ina: masana su taru, su yaba wa juna, su watse. Mai tallar gyaɗa a bakin ƙofa ba ta jin da ita ake yi. A Dakar kuwa abin ya fi fitowa fili, domin bayanin da ake liƙawa gefen zane da Faransanci yake zuwa, alhali harshen kasuwa da na cikin mota Wolof ne. Kuma ba wai mutanen birnin baƙi ne ga zane ba. A ƙarshen shekarun 1980 matasan unguwanni suka tashi da yunƙurin Set Setal, suka share kwatoci, suka cika bangaye da hotunan shehunai da jarumai, ba tare da jiran umarnin kowa ba. Masu kallo suna nan jibge. Bikin ne ya daɗe bai je inda suke ba.

A 2016 Simon Njami, wanda ya jagoranci bikin na shekarar, ya kai babban baje kolin tsohon ginin kotu da ke Cap Manuel, ginin da ya yi shekaru a yashe. Mutum ya ratsa dogayen ginshiƙai, ya shiga ɗakin da dā alƙali ke zama, ya tarar da sassaƙen ƙarfe ko zanen da ya cinye bango guda, kuma shiga kyauta ce. A 2022 aka ƙara taku da shirin Doxantu: aka jera manyan sassaƙe a gefen titin bakin teku, inda ɗalibai da masu motsa jiki ke cika kowace yamma. Wanda ya fito gudu sai ga shi ya ja birki gaban aikin da ba zai taɓa bin sa zaure ba.

A bikin 2024, wanda Salimata Diop ta jagoranta, matasa sun yi wa tsohuwar kotun tsinke, sun ci ado, kowa da wayarsa yana ɗaukar kansa hoto. Wasu sun yi ta gunaguni cewa ba kallo ya kawo su ba. Ni ban ga aibin ba. Yarinyar da ta tsaya gaban zane tana neman inda haske zai fi kama shi ta riga ta fara kallonsa, kuma hoton da ta aika wa ƙawayenta ya kai bikin gidajen da tallar jarida ba ta taɓa shiga ba.

Amma ga mai fasaha mai tasowa, ran bikin yana wani wuri. Babban baje kolin 'yan ƙalilan yake ɗauka. A 2022 da 2024 ba su kai sittin ba kowane karo. Sauran duka sai ɓangaren da ake kira OFF, inda ba kwamitin tantancewa. Ka nemi wuri, ka yi rajista, sunanka ya shiga ɗan littafin jagora. Wuraren sukan kai ɗaruruwa: farfajiyar otal, gidan abinci, gareji, tsakar gida, har tsibirin Gorée da birnin Saint-Louis. Nan ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai rataye zanensa a bangon da ya shafe da hannunsa, ya zauna kan benci yana jiran dillalin da ya zo daga Faris ko Legas.

Sai dai kowane kwabo daga aljihunsa yake fita: fenti, katakon firam, kuɗin wuri, kuɗin dako. Shi ya sa abin da ya faru a 2024 ya yi zafi. An tsara buɗe biki a watan Mayu, sai sabuwar gwamnati ta ɗage shi zuwa Nuwamba ana saura 'yan makonni. Wanda ya yi suna yana da dillalin da zai shanye asarar. Mai tasowa da ya ci bashi ya biya haya ba shi da kowa, don haka da yawa daga 'yan OFF suka buɗe nasu a Mayun, ko da baƙi ko babu.

Tsakanin biki da biki akwai wata ashirin da uku, kuma a nan ne ake yin mai fasaha ko a rasa shi. Wasu cibiyoyi na ƙoƙarin toshe giɓin: Village des Arts mai ɗakunan aiki, RAW Material Company da marigayiya Koyo Kouoh ta kafa a 2008, da Black Rock, masaukin masu fasaha da Kehinde Wiley ya buɗe a 2019. Gurabensu ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da masu nema. Ma'aikatar al'adun Senegal na da ikon ware wani kaso na kuɗin bikin domin dako da hayar wurin 'yan OFF, ta kuma tsayar da ranar buɗewa da ba za ta motsa ba don an canja gwamnati.