Goyon bayan ƙwallon kwandon jami'a a Zariya

Goyon bayan ƙwallon kwandon jami'a shi ne shaƙuwar da ɗalibai, tsofaffin ɗalibai da mutanen gari ke yi da ƙungiyar wata makaranta, musamman a lokacin gasa. A Zariya wannan shaƙuwa ta ginu ne a kan Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), wadda aka kafa a 1962. A cikin birni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, ƙwallon ƙafa ne ya mamaye gidajen kallo. Masu son ƙwallon kwando ba su kai su yawa ba, kuma akasari sai sun fita wajen ganuwa zuwa Samaru kafin su ga wasa ido da ido.

Tarihi

Sunan Zariya a wannan wasa yana da alaƙa da Oliver B. Johnson, Ba'amurke da aka fi sani da Koci OBJ, wanda ya shafe shekaru da dama yana horar da matasa a ABU. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya tafi Amurka karatu da wasa, daga baya ya shugabanci Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Labarinsa ya sa yaran gari da dama suna yi wa filin jami'ar kallon ƙofar fita duniya.

Lokacin gasa

Babbar gasar jami'o'in Najeriya ita ce NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966. Ba kowace shekara ake yin ta ba, kuma an sha ɗage ta. Saboda haka ɗalibi zai iya gama digirinsa bai ga fiye da guda ɗaya ko biyu ba. A nan zafin abin yake: ɗan wasan da ake yi wa ihu abokin aji ne, wataƙila ɗakinsu ɗaya da mai kallon, kuma idan aka fitar da ƙungiyar, kafin wata gasar ya riga ya tafi bautar ƙasa. Magoya bayan manyan kulob na Turai suna da "sai baɗi". Ɗan ajin ƙarshe ba shi da ita.

Wasan kansa ma yana ƙara wa zuciya nauyi, domin ana cin maki da sauri, tazarar maki biyu ko uku tana iya juyewa cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Gasar Amurka

Wasu kuma suna bin gasar jami'o'in Amurka ta NCAA, wadda aka fara a 1939, ake yin ta a watan Maris zuwa farkon Afrilu bisa tsarin sili-ɗaya-ƙwale. Najeriya tana gaban gabashin Amurka da awa 5 a wannan lokaci, don haka wasan dare a can yakan kai kusan asuba a Zariya. Mai kallo yakan zaɓi jami'ar da bai taɓa takawa ba, sau da yawa don akwai ɗan asalin Najeriya a cikinta. Misalin da aka fi tunawa shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda Jami'ar Houston ta kai wasan ƙarshe da shi a 1983 da 1984, ta sha kashi duka biyun. A na 1983 an doke su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, duk da haka shi aka zaɓa gwarzon gasar.